Kwana 66 a Cikin Ragar Kalmomi

Jirgi na farko ya daki ɗaya daga cikin tagwayen benayen Cibiyar Kasuwanci ta Duniya da ke New York da ƙarfe 8:46 na safiyar Talata, 11 ga Satumba, 2001. Na biyu ya biyo baya da ƙarfe 9:03. A tsakaninsu, da ƙarfe 9:00 daidai, nan ne mafarin wani kundin labarai da masu bincike suka shafe shekara goma sha suna jujjuyawa. Malamai biyu na Jami'ar Jihar Arizona, Steven Corman da Kevin Dooley, su suka tattara duk labarin da kamfanin dillancin labarai na Reuters ya fitar a kan harin, daga wannan sa'a har kwana 66 a jere, wato zuwa 15 ga Nuwamba. Yawan labaran ya fi ƙarfin a zauna a karance su ɗaya bayan ɗaya. Sai suka miƙa wa kwamfuta, ta warware jimlolin, ta saƙa su raga: kowace kalma ƙulli ce, kalmomin da suka haɗu a jimla guda kuma a ja zare tsakaninsu. Da aka haɗe ragar kwanakin gaba ɗaya, sai ga kalmomi 13,332 da zare 243,447.

Tun kafin a zo nan, an daɗe ana neman hanyar auna abin da jarida ke faɗi. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Harold Lasswell ya jagoranci wata tawaga a Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, aikinsu ƙirga kalmomin siyasa a jaridun ƙasashe daban-daban don gano inda farfaganda ta dosa. Da hannu ake yi, da fensir da takarda. A 1952 Bernard Berelson ya tsara ƙa'idojin wannan nazari a littafi, kuma a farkon shekarun 1960 Philip Stone da abokan aikinsa a Harvard suka ɗora wa kwamfuta nauyin ƙirgar da wata manhaja mai suna General Inquirer. Aiki ya yi sauri, amma giɓin da ke cikinsa bai toshe ba. A ce jaridu biyu kowacce ta ambaci Musulmi sau ɗari a wata guda. Ɗaya tana ambatonsu tare da azumi da makaranta da kasuwa, ɗayar kuwa tare da bam da hari da kame. A wurin mai ƙirga jaridun nan daidai suke. A wurin mai karatu kuwa, tazarar da ke tsakaninsu ita ce labarin gaba ɗaya.

Masanin halayyar ɗan Adam Charles Osgood na cikin waɗanda suka fara ɗaukar wannan giɓi da muhimmanci. A 1959 ya nuna yadda za a duba waɗanne ra'ayoyi ne ke yawan zuwa tare fiye da yadda dace kaɗai zai haɗa su, kuma cikin abin da ya gwada dabarar a kai har da kundin tarihin yau da kullum na Joseph Goebbels, ministan farfagandar Hitler. A wani ɓangaren kuma, masana zamantakewa sun daɗe suna zana alaƙar mutane da ɗigo da layi, tun daga zanen Jacob Moreno na 1934. A 1977 Linton Freeman ya kawo wani ma'auni da daga baya zai zama ƙashin bayan aikin Arizona: auna muhimmancin mutum da yawan hanyoyin da dole sai sun ratsa ta kansa kafin wasu biyu su sadu. Duk wanda ya taɓa shiga kara ya san wannan mutumin. Dillali ba lallai ya fi kowa shanu ko surutu ba, amma idan ya tashi, mai saye da mai sayarwa sai su tsaya suna kallon juna.

Daga farkon shekarun 1980 rafukan biyu suka fara haɗuwa. Michel Callon da abokansa a Paris suka zana taswirar fannonin kimiyya daga kalmomin da ke zuwa tare a maƙalu. James Danowski a Amurka ya yi irin haka da saƙonni da labarai. A Amsterdam, Jan Kleinnijenhuis da abokansa suka riƙa farfasa jimlolin jarida zuwa wa ya yi wa wa me. Kathleen Carley ta Jami'ar Carnegie Mellon ta tsara tata hanyar a farkon shekarun 1990, wadda daga baya ta haifi manhajar AutoMap. Kafin ƙarni ya juya, fannin ya samu suna da littattafai, amma ƙalilan ne suka san da shi a wajen jami'a.

Akwai bincike guda na wancan zamani da ya kamata a tsaya a kansa, ko da yake da ido aka yi shi, domin shi ya fito da tambayar da ragar kalmomi ta zo amsawa. A 1991 Robert Entman ya kwatanta yadda manyan kafafen Amurka suka ba da labarin jiragen fasinja biyu da aka kakkaɓo. Tarayyar Sobiyet ta harbo jirgin Koriya ta Kudu a 1983, mutum 269 suka mutu. Jirgin ruwan yaƙin Amurka ya harbo jirgin Iran a 1988, mutum 290 suka mutu. A labarin farko kalmomin kisan kai da zalunci da ganganci suka mamaye shafuka, aka kawo sunaye da fuskokin mamata. A na biyu aka koma maganar tsautsayi da kuskuren na'ura da ruɗanin da matuƙa suka shiga. Babu wanda ya ƙirƙiri ƙarya a cikin labaran biyu. Abokan zaman kalmomi kawai aka sauya, sai hukuncin mai karatu ya sauya.

Hanyar da Corman da Dooley suka bi, wadda suka raɗa wa suna CRA kuma suka bayyana ta dalla-dalla a 2002 tare da Timothy Kuhn da Robert McPhee, ta jingina da wani ra'ayi na masana harshe irin su Barbara Grosz: mai magana yana riƙe zaren zancensa ne da sunaye, su ne turakun da jimla ke ɗaure da jimla. Saboda haka manhajar takan zubar da aikatau da ƙananan kalmomi, ta riƙe sunaye da siffofinsu, ta haɗa waɗanda ke maƙwabtaka, sannan ta auna kowace kalma da ma'aunin Freeman. Kalma mai tasiri ita ce wadda idan aka cire ta, sassan labarin za su rabu. Wata kalmar ana iya maimaita ta sau dubu ba tare da ta haɗa komai da komai ba, wata kuwa ba ta da yawa amma ita ce gadar da ke tsakanin batutuwa biyu.

To me aka gani a kwanaki 66 ɗin?

Vladimir Batagelj da Andrej Mrvar na Jami'ar Ljubljana a Sloveniya, masu manhajar Pajek, sun mayar da bayanan zuwa tsarin da kowa zai iya saukewa ya gwada, kuma ta hannunsu ragar ta zaga duniya. A jerin kalmomin da suka fi kai-komo a cikinta, Amurka ce kan gaba, sai hari, sannan Taliban. Afghanistan da Bin Laden sun sha gaban New York. Sunan cibiyar da aka rusa, inda mafi yawan mutum 2,977 da aka kashe ran nan suka rasa rayukansu, yana can ƙasa da sunan wata ƙwayar cuta da babu mai zancenta a makon farko.

Wannan jeri shi kaɗai ya ba da tarihin watanni biyun. Kwanakin farko na jirage ne da fashinsu da ɓaraguzai da masu ceto. Ranar 14 ga Satumba majalisa ta ba Shugaba George Bush izinin amfani da ƙarfin soja. Ranar 17 kasuwar hannun jari ta New York ta sake buɗewa. Ranar 20 Bush ya tsaya gaban majalisa ya gindaya wa Taliban sharuɗɗa. Kafin bam na farko ya sauka a Afghanistan ranar 7 ga Oktoba, labarin ya riga ya yi ƙaura daga makoki zuwa shirin yaƙi, kuma bakin da ake ji ya koma na jami'ai. Ba mamaki da kalmar jami'i ta shiga sahun goman farko. Jeffrey Johnson da Lothar Krempel ma sun ware sunayen muƙarraban Bush, irin su Colin Powell da Donald Rumsfeld da John Ashcroft, suka bi sawunsu a ragar rana bayan rana don ganin wa ke riƙe da wane batu.

Sai ga anthrax, cutar da makiyaya suka sani da ciwon saifa. A farkon Oktoba wani ma'aikacin jarida a Florida ya mutu da ita. Ranar 15 ga wata aka buɗe wasiƙa mai ɗauke da garin ƙwayar a ofishin Sanata Tom Daschle. Mutum biyar suka mutu gaba ɗaya. A ragar Reuters kalmar ta taso daga kusan babu, ta zama ɗaya daga cikin manyan ƙulle-ƙulle, tana zaune cikin labarin 11 ga Satumba kamar 'yar gida. Shekaru bakwai bayan haka, a 2008, hukumar FBI ta ce wanda take zargi da aika wasiƙun wani masanin kimiyya ne Ba'amurke da ke aiki a ɗakin binciken sojan Amurka. Ragar ba ta yi kuskure ba da ta nuna anthrax kusa da ta'addanci da Bin Laden, domin haka aka rubuta su a lokacin. Ta adana zaton mutane ne daidai yadda yake, ba tare da wata alama da za ta bambanta zato da tabbas ba. Ranar 26 ga Oktoba, cikin wannan yanayi na fargaba biyu da suka cuɗanya, Bush ya sa hannu a dokar Patriot wadda ta faɗaɗa ikon hukumomin tsaro na sa ido a kan jama'a. A Afghanistan kuwa, Mazar-i-Sharif ta kuɓuce wa Taliban ranar 9 ga Nuwamba, Kabul ranar 13, kwana biyu bayan nan aka rufe kundin.

A ganina, abu mafi nauyi da ya fito daga wannan aiki yana cikin wata maƙala da Dooley da Corman suka buga a 2004, wadda ba ta yi tashe kamar kyawawan zane-zanen ragar ba. Tambayar da suka yi mai sauƙi ce: hawa da saukar da ake gani a labarai, daga abin da ke faruwa a duniya take tasowa, ko daga yadda ɗakin labarai ke gudanar da aikinsa? Suka gano cewa kaso mai yawa na wannan motsi daga cikin gidan jaridar yake fitowa. Duk wanda ya san aikin jarida zai gane dalili. Kamfanin dillancin labarai yakan sabunta labari guda sau da yawa a yini, yana maimaita sakin layin da ke tuna wa mai karatu asalin magana. Akwai lokacin taron manema labarai, akwai ƙarshen mako da ma'aikata ke raguwa, akwai wurin da kamfani ke da wakili da wurin da ba shi da kowa. Duk waɗannan suna barin sawu a cikin raga. Mutanen da suka ƙera awon su ne da kansu suka yi gargaɗin cewa abin da yake aunawa rabi duniya ne, rabi ɗakin edita. Wannan gaskiya ce da ta cancanci yabo, kuma da an riƙe ta da kyau, da an kauce wa kurakurai da dama daga baya.

Akwai wasu iyakoki biyu da ke cikin ƙirar dabarar kanta. A watan Satumban 2001, babban editan labaran duniya na Reuters, Stephen Jukes, ya tunatar da ma'aikatansa manufar kamfanin ta ƙin laƙaba wa kowa sunan ɗan ta'adda da bakin kamfani, sai dai in an ambato wani ya faɗa. An yi ta sukar su a kan haka a Amurka. Duk da haka kalmar ta'addanci tana nan daram a cikin ragar, domin jami'ai suna furta ta dare da rana, ita kuwa raga ba ta san bambancin maganar ɗan jarida da maganar da ya ɗauko daga bakin minista ba. Iyaka ta biyu ta fi wannan ciwo. Ranar 17 ga Satumba Bush ya ziyarci Cibiyar Musulunci ta Washington, ya ce fuskar ta'addanci ba ita ce haƙiƙanin aƙidar Musulunci ba. Manhajar da ke zubar da aikatau da kalmar korewa, ta riƙe sunaye, abin da za ta fitar daga wannan jimla shi ne hanya miƙaƙƙiya daga ta'addanci zuwa Musulunci. Jimlar da ta kore alaƙa da jimlar da ta tabbatar da ita, saƙa ɗaya suke bayarwa. Wani zai ce ai ƙwaƙwalwar mai karatu ma haka take yi, in ta ji abu biyu tare sau da yawa sai ta ɗaure su, ko da korewa aka yi. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Amma mai binciken da ya tsaya ga zane bai koma ya karanta jimlolin da idonsa ba, zai iya ɗora wa mutum abin da bai faɗa ba.

Shekarun da suka biyo baya sun karkatar da fannin zuwa harkar tsaro. Makonni kaɗan bayan harin, Valdis Krebs ya tsinto sunayen maharan 19 da alaƙoƙinsu daga rahotannin jaridu, ya zana ragar mutane maimakon ta kalmomi, ɗaya daga cikinsu, Mohamed Atta, ya fito a tsakiyarta. Zanen ya yi farin jini ƙwarai. Cibiyar Carley ta faɗaɗa manhajojinta don haƙo mutane da ƙungiyoyi da wurare daga rubutu, Corman kuma ya koma nazarin saƙonnin ƙungiyoyi masu tsattsauran ra'ayi, kuma hukumomin sojan Amurka sun ɗauki nauyin bincike da dama irin waɗannan. Dabarar da aka fara da ita don a binciki jarida sai ta koma amfani da jarida don a binciki abokan gaba. Bambancin ba ƙarami ba ne. A aiki na farko ana tuhumar labarin, a na biyu an amince da shi a matsayin shaida.

Yanzu sai abin da ragar ba ta ɗauka ba ko kaɗan, kuma nan ne maganar ta shafe mu kai tsaye. Ranar Juma'a, 7 ga Satumba, 2001, kwana huɗu kafin harin New York, rikici ya ɓarke a Jos. An shafe kusan mako guda ana kashe-kashe, kuma ƙungiyar Human Rights Watch ta kiyasta waɗanda suka mutu sun kai kusan dubu. Ranar da benayen suka rushe, ba a gama kwashe gawarwaki a Jos ba. Wata guda bayan haka, a tsakiyar Oktoba, zanga-zangar adawa da ruwan bama-baman Afghanistan ta rikiɗe ta zama tarzoma a Kano, aka yi asarar rayuka. Ƙa'idar shiga kundin Arizona ita ce labari ya shafi harin da aka kai wa Amurka. Bisa wannan ƙa'ida Kano tana da ƙofar shiga, domin fushin nata ya taɓa yaƙin Amurka. Jos ba ta da ita. Wannan ba laifin masu binciken ba ne, sun faɗi iyakar aikinsu tun farko. Amma ya nuna inda hukunci na farko yake faruwa: kafin kwamfuta ta ja zare ko ɗaya, wani ya riga ya yanke wace mutuwa ce labari, wace ce kuma ta cancanci a bi ta kwana 66.

Da intanet ta cika da jaridu, sai aka yi tsammanin yawa zai magance wannan. A 2013 Kalev Leetaru ya ƙaddamar da GDELT, rumbun da ke zuƙo labarai daga sassan duniya ba dare ba rana, yana fitar da wa ya yi wa wa me, a ina, yana kuma saƙa ragar sunaye da batutuwa. Gwajin da ya tona rauninsa a kan Najeriya ya faɗo. Bayan sace 'yan mata 276 daga makarantar Chibok a daren 14 ga Afrilu, 2014, shafin FiveThirtyEight na Amurka ya buga rahoto a watan Mayu cewa satar mutane ta yi mummunan ƙaruwa a Najeriya, da alkaluma daga GDELT. Masana suka nuna cewa abin da alkaluman ke ƙirgawa rahotanni ne. Satar Chibok guda ɗaya, da yake duniya ta yi ta maimaita labarinta, ta koma sata da yawa a cikin rumbun. Labarin da bai ambaci gari ba kuma, sai na'ura ta dasa shi a tsakiyar taswirar ƙasar, har wurin ya yi kama da matattarar masu garkuwa. Shafin ya amsa kuskurensa a fili. Gargaɗin Dooley da Corman ne na shekara goma baya ya tabbata, kuma abin takaici shi ne matsalar satar mutane gaskiya ce, sai mummunan awo ya ba masu musu abin kamawa.

Watanni takwas bayan haka aka ga ɗaya gefen. Daga 3 ga Janairu, 2015, mayaƙan Boko Haram suka afka wa Baga da Doron Baga a gaɓar Tafkin Chadi. Ranar 7 ga wata aka kai hari ofishin mujallar Charlie Hebdo a Paris, aka kashe mutum 12, adadin ya kai 17 cikin kwana uku. Ranar 11 shugabannin ƙasashe da dama suka yi tattaki a Paris, har da Shugaba Mahamadou Issoufou na Nijar. A Baga kuwa, ko adadin mamata ba a daidaita a kansa ba: sojoji suka ce 150, wasu jami'an yankin suka ce zai kai 2,000. Sai da Amnesty International ta fitar da hotunan tauraron ɗan Adam da ke nuna gine-gine sama da 3,700 da aka lalata kafin girman abin ya fara shiga idon duniya. Ethan Zuckerman ya yi amfani da rumbun Media Cloud ya kwatanta labaran biyu, ya nuna irin tazarar da ke tsakaninsu. Dalilai suna da yawa. Ɗan jarida ba ya iya isa Baga, layukan waya sun katse, waɗanda suka tsira suna gudun rai zuwa Maiduguri da tsibiran Chadi. Kuma fadar shugaban Najeriya ta aika wa Faransa ta'aziyya cikin gaggawa alhali ta yi shiru a kan Baga. Kowane mamaci na Paris yana da suna da sana'a da hoto, wato yana da ƙulli a raga da zarurruka da ke haɗa shi da iyali da unguwa. Mutanen Baga sun shiga labari a matsayin adadin da ake gardama a kansa.

Duk da haka, rashin adalci ne a ce dabarar ba ta amfane mu ba. Ita da danginta ne suka mayar da abin da Musulmi suka daɗe suna ji a jikinsu ya zama abin da za a iya ɗorawa a kan tebur. A 2018 Nikhil Garg da abokan aikinsa a Jami'ar Stanford suka yi amfani da sabuwar hanyar da ke auna kusancin ma'anar kalmomi daga miliyoyin jimloli, jikanyar tunanin Osgood ke nan, suka bi labaran New York Times daga 1988 zuwa 2005. Suka ga kalmomin da suka shafi Musulunci sun ƙara matsowa kusa da kalmomin ta'addanci bayan harin bam na 1993 a Cibiyar Kasuwancin, suka sake matsowa bayan 2001. A 2019 Erin Kearns da Allison Betus da Anthony Lemieux suka duba hare-hare 136 da aka kai cikin Amurka daga 2006 zuwa 2015, suka gano cewa idan maharin Musulmi ne, labarin da ake bayarwa yakan ƙaru da kashi 357 cikin ɗari, ko bayan an yi la'akari da yawan waɗanda suka mutu. Irin wannan hujja ba a ture ta da cewa ƙorafi ne kawai.

Saura tamu ragar, wadda har yanzu ba ta kai ko kusa da ta Reuters ba. Manhajar Arizona tana buƙatar na'urar da ta san nahawun Ingilishi don ta tsamo sunaye daga jimla, irin wannan kayan aiki kuwa Hausa ba ta fara samunsa sosai ba sai kwanan nan. A 2021 ƙungiyar Masakhane ta fitar da tarin jimlolin da aka yi wa alamar sunayen mutane da wurare da hukumomi a harsunan Afirka goma, ciki har da Hausa. A 2022 Shamsuddeen Hassan Muhammad da abokan aikinsa suka fitar da NaijaSenti, tarin saƙonnin Twitter na Hausa da Igbo da Yarbanci da Pidgin. Rubutunmu yana da nasa tarkon: da yawa ba sa sa lanƙwasar haruffa a waya, sai baki da baƙi su zama ƙulli ɗaya. Babbar matsalar dai ita ce Bahaushe ta kunne yake karɓar labari. Sashen Hausa na BBC ya fara magana a 1957, na DW a 1963, na Muryar Amurka a 1979, ga gidajen rediyon Kaduna da Kano da Yamai da Damagaram. Mafi yawan abin da aka faɗa wa mutane a kan Jos da Baga da Chibok, da muryar waɗanda abin ya shafa, ta iska ya wuce, raga kuwa rubutu take ci.

Tambayoyin da za a yi mata suna nan jibge. A watan Nuwamban 2021 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ayyana ƙungiyoyin 'yan bindigar arewa maso yamma a matsayin 'yan ta'adda, gwamnati ta buga hukuncin a jaridarta a Janairun 2022. Shin bakin jaridu da rediyo ya sauya bayan nan, ko kuwa 'yan bindiga da 'yan fashin daji ne har yau? Sau nawa sunan ƙabila ke zama a jimla ɗaya da hari, kuma a bakin wa, kakakin 'yan sanda ko ɗan jarida ko mutumin ƙauyen? Harin da aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a watan Maris na 2022, kwana nawa ya yi a labarai idan aka gwada da harin ƙauyukan Zamfara a Janairun shekarar? Kowannenmu yana da zato a kan amsoshin, amma mai son ya auna sai ya fara da neman shafukan Aminiya da na gidajen rediyo na waɗannan watanni, ya nemi izinin shiga ma'ajiyar sauti inda take, ya sa a rubuce shirye-shiryen, ya kuma ajiye jimlolin kusa da zanen don duk zaren da na'ura ta ja a iya komawa a ga wanda ya faɗi maganar da abin da yake nufi.